Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Kunne Har Matarka Ta Yi Yaji

Kai da Allah ya ba ka kunne biyu amma har yau ba ka san amfaninsu ba, matso kusa. Wannan jagora zai cire ka daga sahun masu kara rediyo a kunci, ya kai ka sahun manyan masu saurare, waɗanda ke jin mawaƙi yana haɗiye yawu kafin ya buɗe baki. Sakamakon tabbatacce ne. An gwada hanyar a kan Sharhabilu, ma'aikaci a sakatariyar Dutse, shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, kuma ta yi aiki fiye da yadda shi kansa ya so. Bi sawunsa.

Mataki na ɗaya: Rabu da babur ɗinka

Tafi Kano da niyyar sayen taya. Haka Sharhabilu ya yi, sai ƙafa ta kai shi shagon Ɗan'inna, mai shigo da kayan sauti daga waje. Ɗan'inna ya kifa masa wani hedifon mai kunnuwa kamar faifan rufe tuwo, ya ce, "Alhaji, me ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"Yauwa! Ai wannan shirun shi ake saye. Ban ma kunna ba tukuna."

Kada ka yi ciniki, ciniki na masu kunnen talaka ne. Karɓi kaya huɗu: na'urar faifan sidi, da kwambata, wato ƙaramin akwatin da ke juya lambobin cikin faifai su zama sauti, da amfilifaya mai ƙara wa sautin ƙarfi, mai 'yan kwalabe a kanta masu yin ja idan sun ɗumi, sai hedifon ɗin kansa. Bar wa mai shago babur ɗin gaba ɗaya, ka ga ka huta da neman taya. Sharhabilu a motar haya ya dawo Dutse, kwalaye a cinya, yana harare duk wanda ya yi tari kusa da su.

Mataki na biyu: Haɗa wayoyin da ladabi

Faifai ya shiga kwambata, kwambata ta shiga amfilifaya, amfilifaya ta shiga kanka. Duba jikin kowace waya, akwai kibiya. Idan ka juya ta, sautin zai taho da baya, kuma ko da yake babu mahaluƙin da ya taɓa jin bambancin, kai ka ce ka ji.

Kada ka ɗora amfilifaya a kan tebur, katako yana rawa. Dutse take so. Garin nan duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, amma masana sun tabbatar babu wanda ya kai dutsen niƙan matarka lafewa. Sharhabilu ya ɗauko na matarsa Ikilima daga bakin madafi, wanda kakarta ta bar mata, ya wanke shi, ya ɗora kwalaben a kai.

"Malam, a kan me zan niƙa yajin?" in ji Ikilima.

"Ki yi haƙuri, wannan ilimi ne."

Riƙe wannan amsar da kyau, za ka yi ta buƙatarta.

Mataki na uku: Kunna, amma kada ka saurara

Sabuwar na'ura ɗanya ce, sai ta nuna. Bar ta tana yi kwana da kwanaki, hedifon a kife kan matashi, babu kowa a ƙarƙashinsa. Idan an ɗauke wuta, tada janareta, amma ka kai shi can bayan katangar maƙwabci ka jawo doguwar waya, domin ƙarar ta dame shi ta bar ka. Wannan shi ake kira zaman lafiya da maƙwabta.

Mataki na huɗu: Yaƙi maƙiyan shiru

Yanzu zagaya gidanka ka kasa kunne. Za ka gane ashe shekara da shekaru a cikin kasuwa kake kwana.

Fanka ita ce ta farko, kashe ta, zufa ba ta ƙara. Zakara, a yanka shi a ce sadaka ce. Awakin Ikilima, Sharhabilu ya tura su kiwo Miga. Turmi da taɓarya kuwa ya ce a riƙa kai su gidan maƙwabta. Da ya zauna ya saurara, ya ji saura wani ɗan ƙacau-ƙacau da ke yawo daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ya bi shi, ashe awarwaron matarsa ne.

"Waɗannan ma a ɗan cire su."

Ikilima ta dube shi tun daga hula har silifas. "Numfashin fa, Malam? In ci gaba ko in dakata?"

Idan taka matar ta yi maka wannan tambayar, kada ka yi saurin amsawa. Sharhabilu ya tsaya yana tunani, kuma tunanin nan ya fi amsar ɓata mata rai.

Mataki na biyar: Saurara

Zauna a tabarma, ka kifa hedifon, ka rufe ido. Ga wata fa'ida ta zamanin nan da kiɗa ya yi sanyi a gari: babu mai jin abin da kake ji. Maƙwabta da suka leƙo suka ga Sharhabilu zaune ido rufe, kai yana kaɗawa, 'yan kwalabe na haske a gabansa, sai suka koma da sanɗa suna cewa bawan Allah ya kama wuridi.

Gaskiyar magana, bayan tafiyar babur babu abin sayen faifai, don haka guda ɗaya gare shi, na gwaji da ya zo a cikin kwali. Wani Bature ya yi magana a kunnen hagu, ya zagayo ya maimaita a na dama. Sai jirgin ƙasa ya wuce. Sai kare ya yi haushi a bayan ƙeya. Daga ƙarshe hadari ya taso, ruwa ya kece. Ka saurari wannan safe da yamma, kana cewa, "Kai, ji yadda karen nan ya fito tas!"

Wata ranar Asabar da hantsi Ikilima ta tsaya a gabansa da mayafi da ƙullin kaya, ta faɗi duk abin da ke ranta. Sharhabilu bai buɗe ido ba, ya ɗaga mata yatsa ta dakata, don jirgin ƙasa na gab da wucewa. Sai da yunwa ta dame shi ya cire hedifon. Babu hayaƙi a madafi, babu takalminta a bakin ƙofa.

Barka, ka samu cikakken shiru, abin da manyan masu saurare ke mutuwa ba su samu ba. Sharhabilu ya zauna a cikinsa, ya ji babu daɗi ko kaɗan. Kewar matarsa ta kama shi har abinci ya daina shiga, ko da yake dama babu abincin.

Mataki na shida: Tafi biko da kayan aikinka

Mahaifin Ikilima, Malam Jaji, manomi ne a wani ƙauye bayan Buji. Ya aiko cewa kada surukin nasa ya zo hannu rabbana, ya taho da abin nan da ya fi muryar 'yarsa daɗi, a ji ko kiɗa ne aka ɓoye a ciki. Idan kiɗa ne, Ikilima ta zauna gida ke nan.

Kwashi komai, har da janareta da dutsen niƙa. Lura da lokaci kuma: shekarar nan damina ta yi jinkiri. An fita roƙon ruwa, an sake fita, iri yana ajiye a ƙwarya, dattawa sun gaji da kallon gabas. A haka Sharhabilu ya iso, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Baba, wallahi babu kiɗa a ciki."

"To mene ne a ciki?"

"Bature ne, da jirgi, da kare."

Malam Jaji ya dubi dattawan da ke gefensa. "Kun ji. Saboda kare aka kori awakin 'yata."

Mataki na bakwai: Zaɓa wa babba abin da ya dace

Kada ka sa wa surukinka kare a kunne. Sharhabilu ya tsallake zuwa sautin ƙarshe, na ruwa, ya jira kwalabe suka yi ja, ya cire wa tsohon hula, ya kifa masa hedifon.

"Baba, a rufe ido."

Tsohon ya rufe. Can sai gemunsa ya ɗaga, hancinsa ya buɗe yana neman ƙamshin ƙasa. Tsawa ta yi gurnani daga nesa, iska ta taso, ɗigon farko ya faɗi a kan kwano. Da ruwan ya kece kamar da bakin ƙwarya, sai Malam Jaji ya yi zumbur ya miƙe.

"Alhamdu lillahi! A shigar da tumaki! A fito da iri, ina sungumina?"

Ya zabura zai shiga gida, waya ta ƙare, hedifon ya fizge daga kansa. Ya buɗe ido. Rana tana nan fayau, ko gajimare ɗaya babu, dattawa sun saki baki suna kallonsa. Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya san abin da tsohon ya ɗauka. Ya koma ya zauna a hankali, ya share ido da bakin riga.

"Yaro, sake sa min."

Mataki na takwas: Kada ka yi abin da Sharhabilu ya yi

Bayan kowane dattijo ya sha nasa ruwan a kunne, Malam Jaji ya yi gyaran murya.

"Babu kiɗa, na shaida. Amma 'yata ta yi gaskiya, gida ɗaya ba zai ɗauke ta da wannan abin ba. Ɗauki ɗaya, ka bar min ɗaya."

A nan ake gane mai kunnen gaske. Ɗauki na'urarka ka kama hanya, aure ana sakewa, kwambata irin wannan kuwa sai an dace. Sharhabilu ya dubi 'yan kwalabensa. Sai daga bayan zana ya ji taɓarya tana faɗawa turmi, kuma tare da kowace faɗuwa ga ƙacau-ƙacau ɗin awarwaro. Babu waya, babu kibiya, amma ya ji shi har cikin ƙirjinsa.

"Baba, a riƙe ruwan."

Ka ga faɗuwar gwani. Ikilima ta fito da ƙullinta, ba ta ko dube shi ba, ta ɗage amfilifaya ta dire ta a kan ƙasa, ta nuna masa dutsen niƙanta. Shi ya riƙe shi a cinya tun daga Buji har Dutse, ita kuma tana gefensa tana kaɗa awarwaro da gangan.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a tafiyar babur, ko mutuwar zakara, ko fushin maƙwabcin da aka kai wa janareta. Idan taka matar ta ƙi dawowa, tsakaninku ne. Haka kuma babu ruwansa da abin da ya faru daga baya a gindin darbejiya, ranar da hadarin gaske ya taso daga gabas, gari ya watse da gudu zuwa gona, aka bar Malam Jaji shi kaɗai ido rufe da hedifon a kai. Ruwa ya sauka a kan kwalaben da zafinsu, suka yi tas-tas suka fashe, hayaƙi ya tashi, shi kuwa yana zaune rigarsa sharkaf, yana gyaɗa kai yana cewa, "Yaron nan ya yi gaskiya, sai yau na'urar ta nuna."