Motar Alhaji Mai Yoyo

Wani ne, ɗan Kantin Kwari. Ba za a faɗi suna ba, don har gobe ana haɗuwa a sahu. Shekara tara yana ninkin atamfa a shagon Alhaji Abdulmumini, har tafin hannunsa ya fi dutsen guga santsi.

Rannan Alhaji ya ga wata mota a waya, irin mai gida a ciki. Ga gado, ga kicin, ga banɗaki, ga wurin zaman baƙi. Ya ce ita yake so don zagayen kasuwanni, Kano zuwa Maraɗi, Maraɗi zuwa Damagaram, ya huta da masauki mai kuɗin cizo.

"Amma iri biyu ce," in ji Alhaji. "Akwai wadda ɗaki ke fitowa daga gefenta kamar durowa, akwai wadda ba ta da shi. Je ka Guangzhou ka gano min wacce ta fi. Ka zaɓa daidai, kai ne wakilina a Caina. Ka yi shirme, ga atamfa nan tana jiran ka."

Mutumin naku ya buga ƙirji ya hau jirgi.

Kwanansa uku a unguwar Sanyuanli ta Guangzhou, suna cin tuwo a wani gidan abinci na 'yan Afirka, sai Ma'azu, wani tafinta mutumin Maraɗi, ya ce masa, "Patron, in raka ka Panyu gobe, kamfanin motar? Mutanen kamfanin can ba su jin komai sai yarensu."

"Ma'azu, Bakano fa kake wa magana. Na iya nihawu, sannunsu ke nan. Na iya sheshe, wato na gode. Na san mai kanti laoban ake ce masa. Me ya rage?"

"To bari ko kalma biyu in ƙara maka, don su ne..."

"Riƙe abinka. Ni da na sayar wa Buzu bargo ana tsakiyar zafi?"

Kalma biyun nan kuwa, duk wanda ya wuni ɗaya a kasuwar Shahe ya san su. In ɗan Caina ya ce "me yo", babu ke nan. In ya ce "me wanti", ba matsala. Amma mu Kanawa, a koya mana abu a gaban mutane? Gara mu ɓata.

Washegari ya zuba babbar riga ta shadda, ta sha sitaci har tana ƙara. Ya jefa buta a jaka, ya riƙe carbi, ya shiga jirgin ƙasa sai Panyu. Laoban ya tarbe shi, wani gajere mai fara'a da gorar shayi a hannu. Ya kai shi gaban wata farar mota, doguwa kamar ginin bene da aka kwantar. Mutumin ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya yi sallama, ya shiga ya harɗe a kan kujera kamar ya zo neman aure.

Laoban ya danna wani maɓalli.

Sai ga bango ya kama tafiya. Kujera na tafiya, taga na tafiya, shi ma yana tafiya.

"Innalillahi! Laoban! Gidanka na gudu da ni!"

Ya daka tsalle ya rungume laoban, shayi ya zube. Da bango ya tsaya, ya ga ɗaki ya ƙara faɗi, sai ya saki laoban ya gyara hula.

"Na sani ai. Gwada ka nake."

Ya koma ya zauna, ya fito da carbi. Ya ce alheri dama, sharri hagu, a ga wanda zai rinjaya.

Na farko, cin hanya. Mu dai an san mu: mutum ya gina gida, ya ƙara dakali, dakali ya zama shago, shago ya shige titi, sai masu jan fenti su zo su zana masa alamar rusau. To ga ɗaki mai cin hanya da rana tsaka, ana hango su a danna ya koma ciki. Ya ja ƙwaya ɗaya dama.

Na biyu, baƙi. Alhaji na da wasu dangi da in suka zo gaisuwar safe sai sun ga abincin rana. A nan ba sai an yi ta duba agogo ba. A danna kawai, falo ya tsuke har gwiwa ta haɗu da gwiwa, da kansu za su ce bari mu koma. Ya ja ta biyu dama, yana dariya shi kaɗai.

Sai kuma ya tuna lungun gidan Alhaji. In aka danna a can, ɗakin nan kai tsaye cikin kaskon ƙosan Sabuwa zai shiga, kuma Sabuwa ba ta da maɓallin da ake dannawa ta yi shiru. Ɗaya hagu.

Ya tuna hanyar Maraɗi da rairayi. In ɗakin ya fito ya ƙi komawa fa? Sai a kira Sabiru bakanike, wanda duk ciwon mota maganinsa guduma. Biyu hagu.

Biyu da biyu. Dole a tambayi mai kaya.

Ya ja laoban waje. Ya nuna ɗakin da ya fito, ya nuna titi, ya kai hannu baki kamar mai cin tuwo. Wai yana tambaya, in ɗaki ya ci hanya fa?

Laoban ya yi murmushi. "Me wanti! Me wanti!"

Mutumin ya ja da baya. "Mai fenti? Har nan ma kun san shi?"

"Me wanti!"

"Wato ko an janye sai ya gane. La'ila! Mutanen nan ba sa barci." Ya mayar da ƙwaya ɗaya hagu, ransa a ɓace.

Sai ya nuna sama, ya karkaɗa yatsu kamar ruwa na sauka, ya nuna wurin da ɗakin ya haɗu da jikin mota.

Laoban ya kaɗa hannu da ƙarfi. "Me yo! Me yo, me yo!"

"Mai yoyo?"

"Me yo!" Har da ɗaga babban yatsa.

Mutumin ya riƙe baki. "Ikon Allah. Ɗan Caina yana jin Hausa, kuma ga gaskiya. A Kwari wa zai faɗa maka aibin kayansa yana murna?"

Ya nuna ɗaya motar, marar durowa, ya sake karkaɗa yatsu.

"Me yo!"

Ya nuna injin.

"Me yo!"

Ya nuna taya. Ya nuna tankin mai. Ya nuna gorar shayin laoban.

"Me yo! Me yo!"

"To kai me kake da shi wanda ba ya yoyo, bawan Allah?"

Amma bai karaya ba. Mu ba ma ƙin ɗaki don yoyo, kwano muke tarawa. Abin da Alhaji zai tambaya shi ne, yoyon na kwano ne ko na bahon wanki? Wakili kuma ba ya cewa ban sani ba.

Ya zaro buta, ya cika a famfo, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya kama tsanin bayan mota ya hau. Ya tsiyaya ruwa a mahaɗar ɗakin kamar mai ba shuka. Ya sauko a guje, ya shiga ciki, ya ɗaga kai.

Ko ɗigo.

Ya sake hawa. Ya sake saukowa. Buta ta biyar ma'aikata sun bar aiki sun zagaye shi da wayoyi. Buta ta tara wani ya kawo kujera ya zauna. Laoban ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya sa aka jawo tiyo na wankin mota. Mutumin ya ce a'a, shi zai nuna musu wurin. Ya tsaya yana nuni da yatsa, aka kunna, ruwa ya fara da shi. Hula ta yi gabas, sitaci ya narke, babbar riga ta manne masa kamar an jiƙa kaza.

Duk da haka ya ari lema, ya shiga cikin ɗakin ya buɗe ta, ya zauna yana jiran yoyo. Aka yi ta feshi a waje har ruwa ya kwanta a filin kamfani. Ya shafa bango. Ya shafa rufi. Ya sunkuya ya shinshina kafet. In ban da inda shi ya zauna, ko'ina a bushe ƙayau.

Ya leƙo ta taga. "Laoban, ka ce mai yoyo?"

"Me yo!"

Nan waya ta yi ƙara. Alhaji ne, kuma kiran bidiyo. Ya ga yaronsa zaune a cikin ɗaki da lema a buɗe, ruwa na ɗiga daga gemu.

"Kai, a kogi ka faɗa?"

"Bincike nake, ranka ya daɗe."

"To madalla. Wacce za mu saya, mai durowa ko marar durowa?"

"Ko ɗaya."

"Ko ɗaya? Mai durowar ba ta da faɗi ne?"

"Faɗi kamar filin idi."

"Maɓallin ba ya aiki?"

"Yana yi. Har ni ya ɗauka."

"To mene ne?"

"Mai kamfanin da bakinsa ya ce min mai yoyo ce. Da Hausa, Alhaji. Ya fi sau ashirin."

"Subhanallahi. Yoyon da yawa?"

"Ko ɗigo. Buta goma sha ɗaya na zuba, aka ƙara da tiyo."

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mota ga faɗi, ga maɓalli na aiki, ga ba ta yoyo, ka ce kar a saya. Ba ni dalili ɗaya kafin in sa a share maka bencinka na ninki."

Mutumin ya rufe lema, ya matso da bakinsa kusa da waya, ya rage murya don kar laoban ya ji, tunda yana jin Hausa.

"Alhaji, kayan Caina ne fa. In yoyon ma jabu ne, ina ga motar?"