Hancin Al'umma da Kunun Agusta

Ranar Asabar, tara ga Maris, 2024, na fara haɗuwa da Alhaji Abdulmuhaimin, a taron ƙungiyar Hausawan unguwar Al Qusais ta Dubai da nake wa magatakarda. Kafin ya amsa sallamata sai da ya sunkuyo ya shinshine ni. Na ci jarrabawar, alhamdulillahi.

Allah Ya yi wa wasu dukiya, wasu ilimi. Shi hanci aka ba shi. Ya ce ko a jirgin metro, yana iya jiyo warin barasa daga tarago na uku. Ɗigonta bai taɓa shiga bakinsa ba, kuma babu mai musun wannan. Muka naɗa shi Hancin Al'umma, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. Aikinsa tsaron ƙofar wani sito ne a Jebel Ali, ko da yake a bakinsa muƙamin ya kai na darakta.

Abin da ke hana shi barci dokar Dubai ce, wadda ta ce sai mai shekara ashirin da ɗaya za a sayar wa giya. "Ashirin da ɗaya yaro ne, habibi," in ji shi. "A mayar da ita arba'in. In ya kai arba'in, a ce ya dawo baɗi." A nan kam yana da gaskiyarsa. Lucia, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro, ta ga yadda kwalba ta raba ƙaninta da aiki da biza a wata guda. Ta nemi ta ba matasa labarin. Alhaji ya ce magana irin wannan sai masana.

Kujerar shugaban ƙungiya yake so, zaɓe kuwa a Agusta. Don haka ya shirya lacca a ranar zaɓen, ya sa aka dama kunun zaki jarka guda, domin ya nuna wa matasa abin shan iyaye da kakanni. Aka ɗage taron daga Juma'a zuwa Lahadi. Firijin ɗakin su Alhaji na mutum shida ne, jarka ba ta shiga. Ta yi zamanta a but ɗin mota, a zafin Agustan Dubai.

Da aka buɗe ta, murfin ya yi tsaki. Lucia ta matso ta ce masa a hankali, "Baba Alhaji, kunun nan ya juya. A garinmu in ya kai haka, sunansa daban."

Alhaji ya kai hancin nan mai albarka bakin jarka, ya ja numfashi, ya yanke hukunci cewa tsamin tsamiya ne, khalas, magana ta ƙare. Gwano ba ya jin warin jikinsa, balle na jarkarsa.

Dattawan layin gaba suka kurɓa suka ajiye. Shi kuwa, don kada a ce masani ya yi kuskure, ya shanye kofinsa, ya bi nasu ɗaya bayan ɗaya. Matasa na baya suna jiran a zo kansu, bisa al'ada ta babba kafin yaro.

Laccar ta fara da kyau. Ya lissafa illolin barasa: tana cin hanta, tana rusa gida, tana sa mutum surutu. Daga nan ya zarce tarihin kakansa mai fataucin jakuna, ya yi hawaye, ya rungumi na'urar sanyaya ɗaki ya kira ta ɗan'uwa. Ya rufe da neman a mayar da dokar shekara ɗari.

Na rubuta a bayanin taro cewa babu ɗan ƙasa da ashirin da ɗaya da ya sami ko kurɓi. Alhaji ya kare matasa da cikinsa.

Hajiya Barira, mai shagon atamfa a Al Karama, ita ta ci zaɓen, ta kuma ba Lucia laccar wata mai zuwa. Alhaji yana nan a ƙofar sitonsa. Ya daina shinshinar mutane, kuma duk abin da aka miƙa masa a kofi, sai ya tambayi Lucia tukuna.