Kwalbar Maraɗi a Hannun Gwaggo Asabe

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar cokalin nan ba, ƙwal-ƙwal a bakin kwalba, ina zazzago ragowar maganin tarin 'yata Sa'a. Ko ɗigo bai fito ba. Sai na ɗauraye kwalbar na jefa a jaka, don a lokacin kowa da kwalbarsa yake zuwa asibiti a tsiyaya masa magani.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ke nan. Manyan motoci na ratsa Jibiya da siminti da shinkafa, kowa ransa na son sabon abu. Mu kuwa ƙaramin asibitinmu yana nan jiya i yau: benci biyu, inuwar dalbejiya, sai Gwaggo Asabe, nas ɗin da ta san sunan kowane yaro. Ni ce mai cika baki a gabanta cewa 'ya'yana ba su da asibiti sai nata.

Amma wata guda kafin nan, maƙwabciyata matar wani direba ɗan Maraɗi ta zuga ni, wai lokotoron tsallake, wato likitan Maraɗi, maganinsa ja ne mai zaƙi, allurarsa kamar yankan wuƙa. Na nemi izinin maigida, na saɓi Sa'a muka ƙetara. (Allah ya sani sun duba ta da kyau. Sai dai tarin ya dawo.)

Da layi ya zo kanmu a asibitinmu na Jibiya, Gwaggo ta washe baki.

"'Yar nan, kwana biyu! Ko kun yi fushi da mu?"

"Wane mu, Gwaggo! Lafiya ce ta ɓoye mu, ko atishawa ba wanda ya yi."

(Astagfirullah. Har yau ina neman gafarar wannan.)

Na miƙa kwalba. Ta juya ta, ta gyara tabarau. Takardar jikinta na nan daram, da rubutun Faransanci ɓaro-ɓaro. Ni mai sakandare, mai karanta wa unguwa wasiƙa, ban ko duba ba.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yaushe na fara rubutu da Faransanci ban sani ba?"

Matan benci suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "An yi yaji an dawo!" Na ja mayafi har hanci, ina fata ƙasa ta tsage.

Gwaggo ta ajiye kwalbar a gefe. Ta ɗora Sa'a a cinya, ta saurari ƙirjinta, ta yi mata allura, ta cika kwalbar. "Duk inda aka samu sauƙi, na Allah ne. Ku dawo in ga jikinta."

Tun daga ranar na san in za ka cika baki, fara duba abin da ke jakarka.

A hanyar gida ina tafe ina cizon yatsa, Sa'a ta ja bakin zanena.

"Inna, kar mu koma Maraɗi. Gwaggo in ta yi allura tana hura mani wurin."