Wakilin Maman Hanifa

Darussan rubutu nake sayarwa ta intanet daga gidanmu a unguwar Cheras, can ƙasar waje. Da tafiya Kano ta taso mini, na ce zan bar wa matata takardar wakilci ta kula da asusun kasuwancin.

"Baban Hanifa, mu je wurin lauya mana."

"Ni da nake koya wa mutane rubutu?"

Na cike fom da kaina, muka sa hannu, na hau jirgi.

Asusun ya samu matsala, ta garzaya banki. Ma'aikaciyar ta karanta takardar sau biyu.

"Madam, ai ke kika wakilta shi lah. Yana ina?"

Ashe sunayen na juya. Dole na katse tafiyar na dawo.

Har yau in albasa ta ƙare sai ta nuna mini hanyar kanti ta ce, "Wakilina, a je kedai."