Mabuɗin Akwatin Kaka

"Lafiya lau na kwana, ganin ka ne dai ya ɓata mini safiya," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni ma dole ce ta kawo ni, tsohuwar mata. Cewa aka yi in leƙo ko kina numfashi."

Dogo ke nan, jikanta na fari, malamin makaranta. Tun yana goye take kiran sa mijinta, shi kuwa tun da bakinsa ya buɗe yake sakin ta sau uku a rana. Ya zauna bakin gado, ita kuma ta turo masa wata leda da ƙafa. Kwarashi biyu ne a ciki da ƙullin jan ulu. Ta ce ya hau bene ya mayar wa masu shi, kuma kada ya kuskura ya gaishe su da sunanta.

Masu shin baƙi ne daga wata ƙasa mai nisa. Shekara biyu Kaka da tsohuwar gidan suna zaman baranda, babu mai jin yaren wata, waccan na saƙa, wannan na riƙe mata zare, in ya harɗe su yi ta ƙyaƙyata dariya. Mai Saƙa Kaka ta sa mata. To, makon jiya 'yar Mai Saƙa mai aiki a kemis ta sa ta a mota ta kai ta gidan kula da tsofaffi, ta dawo abinta ita kaɗai. Jiya kuma sai ga ta da ledar nan, wai uwar ce ta ce a ba Kaka. Abin da Kaka ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, tun ranar ba ta sake yarda an sa ta a mota ba, ko zuwa awon jini. Tsoro take ji kada dabarar ta burge mutanen gidan nan.

Dogo ya gyara zama irin na gaban allo. Ya ce a ƙasar baƙin wannan shi ne gata, akwai likita, akwai masu ɗebe kewa. Ya ce kowace al'umma da mudunta, ba a auna wata da na wata, daidai da kuskure duk inda aka haifi mutum ne.

"Wato babu laifi a duniya sai inda aka ce laifi ne?"

"Kin fara ganewa. Da kin shigo ajina da kin zo ta biyun ƙarshe."

Kaka ta ce ya miƙo mata wayarsa ta ga hoton yarinyar da ake cewa ta rasa miji har ta yarda da shi. Sakaran ya miƙa. Ta jefa ta cikin akwatin ƙarfenta, ta danna kwaɗo, ta rataya mabuɗin a wuya.

"A ƙasata, daga ƙofar nan zuwa tagar can, wayar miji ta matarsa ce."

"Wannan ai fashi ne, Kaka."

"A ina? Kada ka auna ni da mudunka, malam."

Kaka ta ji daɗi har cikin ƙashinta, don rabon da ta kayar da shi haka tun yana da giɓin haƙoran madara. Ya ce to ya yarda, ƙwace ƙwace ne ko a ƙasar aljanu. Ta ce haka ma yar da uwa.

Sai dai Dogo bai yi dariya ba wannan karon. Ya tambaye ta ko ta san ƙarfe nawa mai kemis ke dawowa gida yanzu. Kullum in ta tashi aiki gidan tsofaffin take wucewa, ta yanke wa uwar farce, ta taje mata kai, sai ta ga ta ci abinci take tahowa. Da ma sau biyu tsohuwar na faɗuwa a banɗaki babu kowa a gida. Ya ƙara da cewa ran nan a matakala matar ta tare shi, cikin jin nauyi, ta tambaye shi yaya suke iya barin tsohuwarsu daga safe har yamma ita da rediyo.

Maganar ta soki Kaka. Ashe ana can sama ana jin tausayinta, kamar yadda take nan ƙasa tana jin na wata. Ta dubi rediyon, ta dubi kujerar baranda da babu kowa a kai. Kewar ƙawarta ta taso mata.

"Kai za ka kai ni?" ta tambaya a hankali.

"Na je na tambaya. Sun ce ba sa karɓar masu fashin waya."

"Ka ci gidanku."

"Gidan naki ne ai. Ina za ni in na kai ki? Wa zai zage ni da safe?"

Ta ja tsaki don kada ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta jawo ledar ta ɗora a cinya, ta ce wannan ulun ba ya saƙuwa sai da mai riƙe zare, kuma ita ba ta ga alamar 'yan gidan can sun iya ba. Ya je ya tayar da wannan gwangwanin da yake kira mota, amma ya fara hawa sama ya ce wa mai kemis tana gaishe ta, gaisuwa ɗaya tak, kada ya ƙara mata gishiri.

Dogo ya miƙa hannu a ba shi wayarsa. Kaka ta tura mabuɗin cikin riga ta dafe.

"Tana nan a akwati, mabuɗi na wuyana. In kana son abarka, yadda ka fita da ni haka za ka dawo da ni."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya durƙusa ya sa mata takalmi.