Shugaban 'Yan Daba Mai Sayar Da Daddawa

"Lafiya lau, bawana. Ya kasuwa? Ya gwiwar da ke damunka?"

Hajiya Indo ce ke amsa gaisuwa tana tura ƙofar shagon Harouna da kafaɗa, da hantsin wata Asabar a unguwar Soundview. Bakanuwa ce, ma'aikaciyar jinya, gidanta na bayan layin. Harouna kuwa mutumin Damagaram ne, yana sayar da gero da kuka da daddawa da kilishi. Tun da suka san juna ba su taɓa haɗuwa ba tare da an taɓa wasan Kanawa da Damagarawa ba.

Shekaru masu yawa da suka wuce, wani saurayi ɗan Gana mai suna Kwaku, da ke haya a saman shagon, ya lallaɓi Harouna ya fito a fim ɗinsa na farko a matsayin shugaban 'yan daba. Yau Kwaku ya zama daraktan da ake ji da shi. An gyara tsohon fim ɗin ana nuna shi a wani gidan sinima a Manhattan, kuma an gayyaci Harouna ya hau dandamali ranar rufewa. Shi kuwa bai taɓa yarda ya kalli fim ɗin ba. Don haka ya ba Indo tikiti biyu, ta je da maigidanta ta gano masa ko abin kunya ne.

Harouna ya ajiye mudun da ke hannunsa. "Bawa kuma? Kin taɓa ganin bawa da butik?"

"Ga shi a gabana. Ni na ba ka izinin buɗewa."

"Bon, bar wannan. Kin tahi?"

"Zuba min daddawa tukuna. Ba a aiken uwar ɗaki da baki kawai."

"Bakano ko lahira aka aike shi sai ya tambayi la'ada."

"Badamagare kuwa ko Aljanna aka kai shi sai ya tambayi inda ake dama fura." Ta ja kujerar roba ta zauna. "Na je, gani ya kori ji. Harouna, wa ya koya maka riƙon bindiga? Ka damƙe ta kamar mai tuƙin tuwo da muciya."

"Ta roba ce, hannuna bai saba da ƙarya ba. Da Bakano aka ba, da ya saida ta kahin a kunna kyamara."

"Jinin kuma fa? Na tsufa a asibiti ban taɓa ganin jinin da in an sa masa albasa zai yi miya ba."

"Tumatirin gwangwani ne da zoɓo. Daga kan kantar nan aka ɗauka. Kaya mai kyau, ki tambayi kowa."

"Sai wanda aka harbe a bakin ƙofar nan. Ya mutu, ana ta yi masa kuka, cikinsa kuwa yana hawa yana sauka. Da a wajen aikina ne da na sallame shi ya tafi gida."

"Ɗan Kano ne. Ko ya mutu ba ya barin numfashi, tunda kyauta ake samunsa."

Indo ta yi dariya, ta nuna shi da yatsa. "Kai ne za ka ambaci Kano? Ai na kama ka. Wurin nan da ka tsaya gaban yaranka kana zare ido, fassarar Turancin da ke ƙasan allo cewa take duk wanda ya ci amanarka zai kwana a kogi. Me bakinka yake faɗa da Hausa?"

Harouna ya shiga gyara buhun gero da ba ya bukatar gyara. "Na manta."

"Ni ban manta ba. Cewa ka yi Kanawa ba su san kilishi ba, kwali suke shafa wa yaji su shanya."

"Kwaku ba ya jin Hausa sosai. Ya ce in hwaɗi abu mai ban tsoro. Mi ya hi kilishin Kano ban tsoro?"

"Turawa sun yi tsit, wata a gabana har da dafe ƙirji. Mu biyu kaɗai muka kwashe da dariya, aka juyo ana hararar mu."

"Ke da Alhajinki?"

"Ban gama lissafa maka aibin ba," in ji Indo, ta wuce tambayar. "Yarinyar da aka sa a matsayin budurwar jarumin, Kwaku ya zalunce ta. Daga farko har ƙarshe aikinta tsayuwa a taga tana hawaye. Ko sunanta ban riƙe ba. Ƙarshen kuma an yi shi a gaggauce, kowa ya harbi kowa kamar an ce musu mai gida na zuwa karɓar mukulli."

"To ai haka aka yi. Na ce musu in ba su gama ba kahin azumi, su nemi wani butik."

"Ashe kai ka kashe mutanen."

Harouna ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ya zauna kan buhu, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. "Wala, shi ke nan, kin ba ni amsa. Zan ce wa Kwaku ba ni zuwa. Ran Juma'a ina sahun gaba a masallaci, ran Asabar a haska ni a bango ina shugabancin ɓarayi, kuma ko ɓarayin ban iya ba. Ga hurhura. A bar tsoho da daddawarsa."

"Wa ya ce maka na gama? Badamagare da gajen haƙuri, ana wanke tukunya ya ce tuwon bai yi daɗi ba." Indo ta gyara zama, muryarta ta sauka. "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kwakun nan tun a lokacin yana da ido. Layin nan ya ɗauke shi yadda yake. Matan da ke jan keken kayan wanki, ƙarar jirgin ƙasa ta sama tana cinye rabin magana, samari a bakin bene ba aikin fari ba na baƙi. Kana kallo ka san ba mugunta ce ta fara kai su daba ba, zaman banza ne da rashin mai kira. Na ga tsohon shagon wanzami da aka rushe, sai da na yi kewarsa."

"Wannan layi ne ya yi ƙoƙari, ba ni ba."

"Saurara mana. Akwai inda kuke cin tuwo a tire ɗaya, a bayan shagon nan. Ɗaya daga cikin yaranka yana so ya bar daba, kai kuma ka riga ka ba da umarni a kashe shi. Ba wanda ya ce uffan. Sai ka tura masa naman da ke gabanka, ba ka ko dube shi ba. Harouna, ɗakin nan cike yake, amma ko tari ba wanda ya yi."

Harouna ya ɗaga kai. "Kwaku bai sa ni ba. Yunwa yaron ke ji da gaske, tun sahe ake ɗauka bai ci komai ba."

"To gwanintarsa ita ce da bai kashe kyamara ba, kuma ya san inda zai ajiye wurin. Taka kuwa ita ce da ka manta ana ɗaukar ka. Duk inda ka tuna, sai ka koma gunki mai zare ido."

"Yabon Bakano kamar zuma ne a bakin wuƙa."

"Lasa a hankali."

Harouna ya juya yana kallon titi. "Ko da haka ne. Jama'a su yi dariya, ba komai. Shamsiya ce ba ni son ta gani. Ɗiyata da ke jami'a, na hana ta yawo da 'yan iska tun tana ƙarama, sai ta ga ubanta da bindiga? Da wane baki zan ƙara yi mata hwaɗa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Indo. "Alhaji yana wajen aiki ranar. Da Shamsiya na je."

Fuskar Harouna ta canza. Ya miƙe tsaye. "Indo, wannan ba wasa ba ne. Amana na ba ki."

"Na sani. Kai kaɗai ne kake zaton ba ta san labarin ba. Hotonka na cikin wayarta tun ran da aka fara tallar fim ɗin. Ta zo gidana ta ce tana jin nauyin tambayarka, tana kuma jin tsoron zuwa ita kaɗai. In bar ta?"

Harouna ya jingina da buhunan gero. Can ya ce a hankali, "Mi ta ce?"

"Wajen kilishin ta riga ni fashewa da dariya. Wajen tuwon ta riƙe hannuna har sai da ya yi zafi. Da aka kunna fitilu, wani dattijo Bature da ke gefenmu ya ce mutumin tiren nan ya tsaya masa a rai. Ta ba shi amsa da Turanci. Sannan ta juyo wajena, yarinyar da in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci, ta ce, 'Anti, babana ne fa.' Da Hausa ta faɗa, har da fa ɗin."

Harouna ya juya baya, ya daɗe yana jera gwangwanayen madara da tun farko a jere suke. Indo ta bar shi.

"Yajin nan na shiga ido," in ji shi.

"Yajin yana cikin leda a ƙulle."

"Yajin Damagaram ne, ba irin naku ba. Ta cikin leda yake aiki."

"Ta ce in ka hau dandamali ita za ta tsaya kusa da kai ta fassara maka. Ta kuma ce za ta tambayi Kwaku a gaban jama'a abin da ya hana shi ba yarinyar taga magana."

Dariya ta ƙwace wa Harouna. "Wayyo Kwaku. Ya shiga uku. Halin uwarta ke nan sak." Ya jawo babban fallen kilishi, ya naɗe a takarda ya tura gabanta. "Karɓi. Yau kam Kano ta ci Damagaram. Amma kada ki hwaɗa wa kowa, ba za a yarda ba."

Indo ta yagi gefe ta jefa a baki. Shi kuma ya ɗauko waya, ya sa tabarau yana laluben lambar Kwaku.

"Ce masa ya ajiye kujera a layin gaba," in ji ta tana tauna.

"Ke kuma wa ya gayyace ki?"

"In gwiwar nan ta ƙi hawa matakala, Kwaku ne zai tallafe ka ko ni?"

Harouna ya kara wayar a kunne yana girgiza kai, dariya na cinsa. "Alo, Kwaku? Ni ne. Ina zuwa. Amma akwai wata Bakanuwa da ta liƙe mini, a samo mata kujera mai ƙwari."