Ƙugiyar da Na Ƙara wa Baba

Tun kafin a haife ni Baba Katikis ke buga mujallar wata-wata ta ɗan cocinmu a Katsina. A cikinta iyayenmu suka koyi karatu. Duk zamanin soja ba a taɓa kiransa ofishin kowa ba, don ya san bakin da zai faɗi gaskiya.

Tafiretarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai a bi da alƙalami a lanƙwasa. Watan da farar hula suka karɓi mulki idonsa ya yi ciwo, ni kuwa malamin makaranta guda na ce, "Baba, huta, wannan ai wasan yara ne."

Kanun da ya rubuta haƙuri yake ba kowa: "Talakawa a daure, shugabanni a daure." Na yi wa kowace d ƙugiya, har ina fito.

Ranar Lahadi sabon kansilanmu ya shigo da mujallar a hannu. "Baba, tun ban zauna a kujera ba, sai a ɗaure ni?"

Har yau in na shiga coci, matan zumunta sai su haɗa hannuwa su miƙo mini: "Malam, ga mu, a yi mana sassauci."